A Kifa Tukunyar Kafin a Raba Gado

Naira ashirin ta zama kuɗin da kwandasta ke karɓa yana tsaki. A Kakuri ko Sabon Tasha da ke Kaduna ba za ta saya maka ko ledar ruwa ba. To amma idan ta faɗo hannunka, ka daure ka juya bayanta. Matar nan da ke aiki a jikin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda Babban Bankin Najeriya ya ɗora hotonta a kan takardar tun 2007. A watan Nuwamba na 2021, a wani gwanjo da kamfanonin Phillips da Maak suka yi a Landan, an sayar da tulu guda na ginin hannunta a kan sama da fam 130,000. Tulu ɗaya tak, na yumɓu, wanda ko ruwa ba ya sanyayawa.

Na san abin da irin wannan adadi ke yi wa zuciya, don haka tun yanzu zan yayyafa masa ruwa: cikin tukwanen fure ɗari da ke falukanmu, da wuya a samu ɗaya da ta kai kuɗin buhun shinkafa. Maganata ta tsaya ne a kan wannan ɗayar, da kuma yadda muke rasa ta. Ra'ayina shi ne tukwane da tangaran ɗin da iyaye suka bari su riƙa shiga lissafin gado kamar yadda fili da mota ke shiga, kuma kada a raba su, ko a kyautar, ko a miƙa wa dillali, sai an san ko mene ne. A yanzu dai suna tafiya ne a cikin abin da muke kira tarkace, wato kayan da ba wanda ya tambayi labarinsu.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mutanen ƙetaren gadar Kogin Kaduna da gwanjon Landan? Akwai ruwansu, kuma tarihin unguwannin ne ya sa. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, tare da wani kamfanin saƙa na Ingila. A shekarun 1960 masaƙar UNTL ta biyo baya da 'yan Hong Kong, Arewa Textiles da Japanawa, sannan a 1975 Faransawa suka zo da kamfanin haɗa motocin Peugeot, a 1980 aka buɗe matatar mai. Ga kuma gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da suka riga su duka. Shekara da shekaru baƙi daga ƙasashe daban-daban suna zama a nan, suna ƙawata falukansu, kuma ranar tafiya ba komai ke shiga akwati ba. Abu mai nauyi, mai saurin fashewa, shi ake fara barin wa kuku, ko boyi, ko direba, ko abokin aiki. Manyan ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa da manajojin masaƙu 'yan ƙasa su ma sun sayi nasu, wasu kuma an ba su a bikin sallama. Idan akwai wurin da ya kamata a zaci irin waɗannan kaya sun maƙale a bayan ƙofa, to tsakanin Makera da Barnawa ne.

Su kuwa kayan, ga inda suka fito. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Baturen Ingila, Michael Cardew, aikin jami'in ginin tukwane. Ƙwararre ne, almajirin Bernard Leach, kuma ya riga ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Da ya zagaya Arewa yana duba yumɓu da itace da ruwa, sai ya zaɓi garin Abuja ta da, wadda ta koma Suleja bayan an karɓi sunan an ba babban birnin tarayya. A 1952 cibiyar koyar da ginin tangaran ta fara aiki a can. Akwai abin da ba a cika faɗa ba, ni kuwa ina jin daɗin nanata shi: a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau Cardew ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali. Sarki ya riga Bature gane darajarsu, ya tara su ya adana. Saboda haka masu cewa adana tukunya ɗabi'ar Turawa ce, su je su tambayi fadar Suleja.

Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta zo da sana'arta ta matan Gbagyi, wadda ake gina tukunya da hannu ana zagaya ta, ana ɗora yumɓu ana jan shi sama, sannan a zana jikinta. A cibiyar sai aka sauya mata yumɓu, aka ƙara ruwan ƙyalli, wanda wuta ke narkarwa ya zama gilashi a jikin tukunya, aka kuma riƙa gasawa a rufaffen murhu da zafin da ya haura digiri 1,200. Wutar matoya ta gargajiya ba ta zuwa kusa da nan. Sakamakon shi ne tulu mai siffar na ƙauye amma mai nauyi, mai sheƙi, wanda ba ya tsatsafar ruwa. Randa kuwa da tsatsafa take sanyaya ruwa, don haka wannan tulu bai da amfani ga matar da ke zuwa rafi. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo. Sauran abubuwan da cibiyar ke yi, kofuna da farantai da butocin shayi da kwanonin miya masu murfi, su ma sun yi wa talaka tsada a lokacin da tasa da langa ke ko'ina a kasuwa. Shi ya sa Turawa da manyan ma'aikata suka zama masu saye.

Daga nan sunanta ya yi nisa. An nuna aikinta a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta karɓi lambar yabo ta ƙasa ta ƙwararru a 1980, ta rasu a Minna a 1984. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan yana da tukwanenta. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya, wadda ke cikin manyan maginan tukwane na duniya a yau, ta zo Abuja ta koyi gini a 1974. Kuma ba Ladi kaɗai ba ce. Akwai Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, akwai maza irin su Tanko Ashada da Bawa Ushafa da Gugong Bong da Hassan Lapai. Masu tara kayan tangaran a Ingila sun san waɗannan sunaye, suna neman aikinsu. A nan gida jikokin waɗanda suka sayi kayan ba su taɓa jin su ba.

Na taɓa zama a wani rabon gado a Makera, gidan wani dattijo da ya yi aikin masaƙa har ya yi ritaya. Malam yana karanta jerin dukiya: gida, fili a Gonin Gora, tsohuwar 504 da ke kan duwatsu, firji, keken ɗinki, ɗan abin da ke banki. Da aka gama sai babban ɗa ya ce sauran tarkacen kowa ya ɗauki abin da yake so. A bayan ƙofar falo akwai wani tulu kore-kore mai duhu, an cusa tsintsiya da tsohuwar lema a ciki. Ƙaramar 'yar gidan ta ce, "Hajiya, wannan fa na waye?" Tsohuwa ta ce, "Ai na Baturen masaƙa ne, da zai tafi ya bar wa babanku. Tun kafin a haifi yayanku yake nan." Aka zare tsintsiyar, aka shimfiɗa zane, mutum biyu suka kifa shi. A kusa da gindi akwai ƙananan hatimai biyu, kowanne bai wuce farcen yatsa ba. Ɗaya rubutun ajami ne, ɗayan haruffan boko biyu, amma ba na Ladi ba ne, na wani ne daga cikin abokan aikinta. Babban ɗan ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, yanzu har tulu za mu sa a takarda?" Malam ya ce, "Idan yana da kuɗi, akwai haƙƙin marayu a ciki. Rubuta." Aka rubuta, aka ajiye shi gefe sai an bincika.

Wannan kifawar ita ce matakin farko, kuma ba ta buƙatar digiri. Kafin ma a kifa, a ɗaga a ji nauyi. Tangaran ɗin Abuja yana da nauyi fiye da yadda ido ke zato, kuma idan aka ƙwanƙwasa shi da yatsa yakan yi ƙara mai tsawo, saɓanin tukunyar ƙasa da sautinta ke mutuwa nan take. Idan sautin ya fito a dakushe alhali jikin na ƙyalli ne, to wataƙila akwai tsaga a ɓoye. Gindin yawanci ba ƙyalli, ana ganin yumɓun tsirara, ruwan ƙasa ko ruwan toka. A nan, ko kuma a jiki dab da gindi, ake samun hatimi. Na cibiyar sunan Abuja ne da haruffan Larabci, duk wanda ya yi makarantar allo zai karanta shi. Kusa da shi akwai na magini: LK na Ladi Kwali, MC na Cardew, sauran ma kowa da haruffansa. Wani lokaci ƙyalli yakan malalo ya cike hatimin, sai an haska fitilar waya ta gefe kafin ya fito.

Sai a leƙa ciki. Babban tulun da aka gina da hannu ba shi da layukan nan masu zagayawa daidai wa daida da faifan juyi ke bari. Abin da za a gani shi ne sawun hannu da na abin kankara. Kofuna da farantai kuwa suna da layukan, domin a kan faifan aka yi su, kuma ita ma Ladi ta ƙware a kansa. Sannan zane. Nata sananne ne: ƙadangare, kada, hawainiya, kunama, maciji, kifi, tsuntsu, kowanne a cikin filinsa, an cike jikinsa da ƙananan layuka, an raba tsakani da ratsi-ratsi. A cikin ɗanyen yumɓu aka tsaga zanen, don haka yatsa na jin zurfinsa a ƙarƙashin ƙyalli. Launukan ba masu ihu ba ne: kore mai duhu, ruwan ƙasa, baƙi-baƙi, shuɗi mai toka-toka. Wutar itace ba ta gasa abu bai ɗaya, saboda haka idan wani gefe ya fi wani duhu ba aibu ba ne.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, hatimi ana iya ƙirƙirarsa. Na gaskiya an danna shi ne tun yumɓu na ɗanye, gefensa ya ɗan tasa, an gasa shi tare da tukunyar. Wanda aka kankara da ƙusa daga baya gefensa kaifi ne, cikinsa sabo. Hatimi shaida ɗaya ce, sai siffa da zane da yumɓu sun gaskata ta. Na biyu ya fi kama mutane. Bayan Cardew ya bar aiki a 1965 cibiyar ta ci gaba, Michael O'Brien ya riƙe ta na wasu shekaru, daga baya aka sa mata sunan Ladi Kwali. Don haka idan tsohuwa ta ce "daga Ladi Kwali babanku ya sayo," tana iya nufin wurin, ba hannun matar ba. Gaskiya ta faɗa, amma tsakanin ma'anonin biyu akwai tazarar kuɗi mai yawa.

Mu na wannan ɓangaren muna da namu na kusa. A kan hanyar Kachia akwai Jacaranda, inda aka haɗa gidan abinci da wurin ginin tangaran, kuma iyalai da yawa sun dawo daga can da kofuna ko tukunyar fure. Akwai Maraba a bayan gari, wadda O'Brien ya taimaka aka kafa a shekarun 1980, ga ta Bwari a kusa da Abuja. Duk tsatso ɗaya ne, shi ya sa ƙyallinsu da siffarsu ke kama da na Abuja har ido ya ruɗe. Kayan kirki ne, aikin hannu ne, sun cancanci a adana su a rubuta inda suka fito, sai dai a yau kasuwarsu ba ta kai ta tsoffin kayan Abuja ba. Wanda ya gaji irinsu kada ya raina, kada kuma ya ci bashi da sunansu.

Mafi yawan abin da ke cikin kabet ɗin iyayenmu dai na kamfani ne: tsarabar Makka, kyautar biki, kayan kanti. Ana gane su da rashin nauyi, da farin jiki, da bakin ruwan gwal, da layin haɗi a gefe inda ɓangarori biyu na mazubi suka gamu, da tambarin da aka buga da tawada a gindi mai faɗin ƙasar da aka yi su. An yi dubbansu iri ɗaya. Darajarsu ita ce ta tuna mai su, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma a raba su a wuce wurin. Abin lura kawai, gidan da ya yi hulɗa da Japanawan Arewa Textiles ko mutanen UNTL yana iya samun abu mai rubutun ƙasarsu a gindi. Irin wannan a ɗauki hotonsa a tambaya kafin a yanke hukunci.

Nau'i ɗaya ne zan ja kunne a kansa da babbar murya. Idan abin da aka gada ba shi da ƙyalli, jan ƙasa ne mai tsakuwa-tsakuwa, ga siffar kan mutum ko dabba, kuma an ce tono shi aka yi, to maganar ta bar hannun magada ta koma hannun hukuma. Jiharmu ce gidan Nok, a ƙaramar hukumar Jaba, inda aka samo mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara 2,000. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana ciniki da fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta kira kayan tarihi. Tukwanen Ladi Kwali ba su kai waɗannan shekaru ba, amma duk da haka mai niyyar fitar da ɗaya waje ya fara zuwa gidan tarihi ya karɓi takarda, don kada a riƙe masa kaya a filin jirgi.

To, an gane abu, nawa ne kuɗinsa? Nan ne mutane ke yaudarar kansu. Tulun da ya haura fam 130,000 babba ne, lafiyayye, kuma ya fito ne daga tarin Dokta John Driscoll, wani sanannen dillalin zane-zane na Amurka da ya rasu a 2020, wanda masu saye suka yarda da idonsa. Sunansa ma kuɗi ne. Ƙaramin kofi ko faranti mai hatimin LK sau da yawa a ɗaruruwan fam yake tashi, na sauran magina kuma yawanci ƙasa da nata. Sannan adadin da ake shelantawa ba shi ne ke shiga aljihun mai kaya ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na irin wannan adadi la'adar da mai saye ya biya gidan gwanjo ce, kafin a cire ta mai sayarwa, da kuɗin ɗauri, da na jirgi, da inshora. Tsaga ko ɓallewar baki tana iya zubar da farashi warwas. Bayan sunan magini da girma da lafiya, abin da ke ɗaga farashi shi ne asali, wato wa ya saya, a ina, yaushe, ta hannun wa ya biyo.

Asalin nan shi ne muka fi kowa asararsa, kuma ba duka laifinmu ba ne. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun tayar da dubban iyalai, wasu suka ƙetaro gada, wasu suka ƙetara, kowa ya kwashi abin da hannu ya kai. Hotuna sun ƙone, rasit sun ɓace, kayan ɗaki sun tafi a araha. Da masaƙu suka durƙushe a shekarun da suka biyo baya, ma'aikatan da aka bari ba albashi ba haƙƙin sallama suka sayar da abin da ya saura don a ci abinci. Tukunyar da ta tsallake duk wannan tana nan a gidanku, to shaidarta ɗaya ce ta rage, ita ce tsohuwar da ke zaune a ɗaki. Ran da ta tafi, tulun Baturen masaƙa ya koma tulu kawai.

Abin da rikici bai fasa ba kuma gyara yakan lalata shi. Na ga wadda aka shafa wa fentin mai don ta dace da sabbin kujeru. Na ga wadda aka huda wa gindi da ƙusa aka dasa fure. Ana dirje su da soson ƙarfe, ana liƙe tsaga da gam ɗin da ba ya ciruwa, ana ɓare tsohuwar takardar da ke manne a gindi saboda ta yi datti, alhali wataƙila ita ce shaidar shagon da aka saya. Tsumma mai laushi da ruwa zalla sun isa. Kada a ɗaga babban tulu ta baki ko ta hannu, a tallabo shi ta ƙasa. Idan ya fashe a tattara gutsattsarin a nannaɗe, gyaran ƙwararre daban ne da na gida.

Akwai kuma masu fasawa da gangan. A ɓangarori biyu na addini ana samun wanda zai ga hawainiya ko maciji a jikin tsohuwar tukunya ya ce kayan tsafi ne, a fitar da ita daga gida. Ba zan yi jayayya da wanda ba ya son hoton dabba a ɗakinsa ba, wannan tsakaninsa da malaminsa ne ko fastonsa. Sai dai tulun da ke ɗauke da hatimin cibiyar gwamnati an yi shi ne don sayarwa, a wurin da ake biyan albashi, kuma kafin rabo ba mallakar mutum ɗaya ba ne balle ya fasa. Wanda ba ya so ya bar wa mai so, ko a sayar a raba kuɗin.

Wani zai ce wannan son duniya ne, mutum ya kwanta dama ana ƙirga masa tukwane. Ni a ganina barin ƙirgar ne ke buɗe ƙofar zalunci. Abin da ba a rubuta ba, wanda ya fi wayo ko ya fi kusa da gidan shi ke tafiya da shi, kuma yawanci ba matar mamaci ba ce, ba kuma ƙananan yara ba. Malaman gado sun daɗe da sanin yadda ake yi da abin da ba ya rabuwa: a yi masa kuɗi, wani ya ɗauka a cikin kasonsa, ko a sayar a raba. Iyalan Kirista ma a zaman dangi haka suke yi da gida da gona. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa tukunya na iya zama dukiya. Tumunin takaba na tulun da ya kai miliyoyi ba abin wasa ba ne ga matar da aka bari da 'yan makaranta. Rashin sani ne ke sa kaza ta kwana a kan dami.

Shi kuwa dillali sana'arsa yake yi, ba na zaginsa. Amma wanda zai saya ba shi ne zai faɗa maka daraja ba. Idan baƙo ya zo ya ce, "Hajiya, kawo in rage miki kaya," ya tsallake firji da talabijin ya nufi tulun bayan ƙofa, to ya san abin da Hajiya ba ta sani ba. Waya ta sauƙaƙa abin. A ɗauki hoton tukunyar gaba da baya, da gindi, da hatimi a kusa, da ciki, da duk wani tabo, a auna tsawo da faɗi da tef ɗin tela. Manyan gidajen gwanjo irin su Bonhams da Phillips da Maak suna karɓar hotuna ta intanet su ba da ƙiyasi, a Legas ma akwai Arthouse Contemporary. A tambayi fiye da ɗaya. A kuma duba farashin da aka sayar da makamancinta, domin farashin da wani ya rubuta a shafinsa yana jiran mai saye buri ne kawai.

Abin da ke ci mini rai shi ne sai an aika hoto Landan kafin a san darajar abin da aka gina a Suleja. Ga gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, ga sashen da ke koyar da ginin tangaran a Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Me zai hana su haɗa kai su ware rana ɗaya a wata, mutane su kawo abin da suka gada a duba musu? Ba sai sun yanke farashi ba, su dai ce wannan na Abuja ne, wannan na Jacaranda ne, wannan na kanti ne, su ɗauki hoto su shigar a rajista. Kuma a riƙa kawo zaman wannan ƙetaren, a wani ɗakin taro a Barnawa ko Kakuri, domin ba kowace tsohuwa ce za ta ɗora tulu a keke ta haye gada ba. Da irin wannan rajista, ko an sayar da abu ya bar ƙasa, an san ya taɓa zama a nan da kuma gidan da ya fito.

Son samu ne a ce tukwanen su zauna a Najeriya. Amma ba zan iya kallon idon matar da ke neman kuɗin makaranta in ce mata ta riƙe tulu saboda kishin ƙasa ba, alhali masu kuɗinmu sun fi son su sayo tukunyar fure mai ruwan gwal daga Dubai su kafa a bakin matakala. Idan ana so su zauna, sai masu hali da bankuna da gwamnatin jiha su zama masu saye, su biya farashin gaskiya. Kafin wannan lokaci, wanda ya sayar bayan ya san abin da ke hannunsa bai yi laifi ba.

Idan akwai irin wannan tukunya a gidanku, kuma wanda ya san yadda ta shigo yana raye, a zauna da shi a makon nan. A tambaye shi wa ya kawo ta, daga ina, a wace shekara ko a zamanin wane gwamna. A rubuta a takarda, a sa kwanan wata, ya sa hannu ko ya dangwala, a ɗauki hotonsa tare da tukunyar, sannan a ajiye takardar inda ake ajiye takardun fili.